Fanka Mai Kawaici

A Samaru, bayan layin masu ɗab'i,
ɗakina ciki ɗaya ne, taga ɗaya,
da baƙar kwamfuta a ƙarƙashin tebur
wadda in na kunna ta da dare
sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe
ranar jajibirin salla.

Ba barci ta hana ni ba.
Kaset nake juyewa, guda goma sha ɗaya,
muryar Baba tun yana aikin reluwe,
yana ba wani ɗalibi labarin tashar Zariya.
Muryar ta sirance, ta tsufa a cikin leda.
Da zarar ya sassauta harshe
sai fankar ta haɗiye shi ɗungurungum.

Na taɓa lulluɓe ta da bargo.
Bazara ce, kwanon rufi yana ƙuna,
ta yi zazzaɓi, ta ɗauke wuta da kanta.

Na rungumi akwatin, na hau mota zuwa Sabon Gari.
Haladu ya kwance kusoshi huɗu, ya leƙa, ya yi tsaki:
"Wannan ai kanari ce a keji.
Mai ƙaramin fiffike ba ya hutawa."

Ya baje mani haja a kan benci.
Ga ta ruwa, mai tiyo biyu da fitilu kamar bakan gizo.
"Tana da sanyi, amma famfonta ma yana gunaguni,
ranar da ta yi yoyo kuwa, sai mu zo maka jaje."
Ga wata ja, mai arha, kwalinta ya sha alkawari,
ya jona ta, ta yi mani kukan sauro a kunne.
Sai ya jawo ta uku daga can ƙasa:
curin ƙarfe mai ganye-ganye, kamar littafin da iska ta buɗe,
bututun tagulla huɗu sun ratsa shi,
da fanka mai faɗin faifan rufe ƙwarya.

"Wannan ba ta gudu," in ji shi.
"Faɗinta ne ya hutar da ita.
Ka taɓa ganin tsohuwa tana fifita jika?
Mafici ya tafi, ya dakata, ya dawo."

Na tambayi kuɗi. Ya faɗa. Na nemi wurin zama.
Rabin buhun masara ke nan.
Muka yi ta ja har aka kira la'asar,
ya rage mani abin da bai kai kuɗin mota ba.

Ya auna tsayinta da tsinken tsintsiya
kada murfi ya ƙi rufuwa.
Ya kankare tsohon mai da ya bushe kamar taɓo,
ya ɗiga sabo, ruwan toka, ƙwayar dawa ɗaya tak.
"Ba a cikawa. Ko tuwo ba a so ya nutse a miya."

Da dare masu wuta suka yi mani kara.
Na danna. Fitila ta kama.
Shiru.
Na durƙusa, na kai tafin hannu bayan akwatin
in ji ko mutuwa ta yi.
Iska ce ɗumi-ɗumi,
kamar numfashin ɗan akuya mai barci.

Na buɗe kaset na bakwai.
Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "To, a shekarar nan..."
A bayansa kuma, can nesa,
inda da gurnani ya toshe,
na ji taɓarya tana sauka a turmi,
na ji ana cewa, "Ku ɗauke yaron nan daga rana!"

Inna ce.
Ba ta san ana ɗauka ba.
Yaron kuwa ya ƙi tashi, ina jin kukansa,
kuma na san wane ne.

Sau tara na mayar baya.
Fankar tana ta juyi a ƙarƙashin tebur,
ba ta sa mana baki ba.